Buɗaɗɗiyar Motar da Yaya Jumber Ya Saya

Rustavi, 27 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Lamara,

Gaisuwar girmamawa daga ƙaninki, tare da fatan wannan takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Bari ta ƙasar Italiya. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya ƙara miki haƙuri da bakin tsohuwa, ita kuma ya ba ta haƙuri da tafarnuwar da kike zuba mata a abinci. Mu nan muna lafiya gwargwado. Matata Maguli ta samu sauƙin hawan jini tun da likita ya hana ta gishiri, sai dai hukuncin ya haɗa da ni da ban yi laifin komai ba. 'Yarmu Tekla ta gama jarrabawarta a Tbilisi, ta ce ta yi ƙoƙari, mu kuma muna jira mu ji abin da takarda za ta ce. Makaranta ta kusa hutu, ɗalibaina sun ƙara shekara guda ba tare da sun bar wani littafi ya taɓa lafiyarsu ba. Inabin da Baba ya dasa a bayan gareji ya yi ganye sosai bana.

Za ki yi mamakin ganin takarda, alhali duk Lahadi muna kallon rabin fuskar juna a waya. Maganar da zan yi ce ba ta son katsewa, ke kuwa tun muna yara ba ki taɓa barina na kai ƙarshen zance ba. Na san maƙwabciyarmu Venera ta hawa na uku ta riga ni, domin abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin tsakar rana ya ƙetare teku. Ta ce miki Yaya Jumber ya ba da motarsa ta ɗaukar kaya ya karɓo buɗaɗɗiyar mota ruwan ɗorawa, tun shekarar makokin ɗansa ba ta cika ba, ga gemun makoki har ƙirji, ga hoton yaron a maƙale a gaban riga. Ta ce motar aikin hannun ɗan nasa Tornike ce, kuma uban ya kulle kansa a gareji yana daddatsa ta da injin yankan ƙarfe. Duk gaskiya ta faɗa, abin da ban saba shaidar ta da shi ba. Abin da ba ta sani ba lokacin shi ne dalili. Yayanmu sunan Tornike yake ƙoƙarin karewa, kuma zan gaya miki daga me.

Kin san abin da garinmu ke ci. Mota ta mutu a Amurka, kamfanin inshora ya rubuta mata takardar cewa ta tashi daga aiki, a sa ta a gwanjo, ta hau jirgin ruwa ta sauka a Poti, bayan wata biyu ki gan ta a kasuwarmu tana sheƙi da sabbin takardu, kamar ba ta taɓa sanin ɓacin rana ba. Na sha gaya wa Fada cewa in yana neman hujjar tashin matattu ya bar coci ya zo kasuwa ranar Asabar. A cikin masu tayar da matattun nan ba a sami kamar Tornike ba. Mai hannun zinariya suke ce masa tun yana da rai, bayan ya rasu kuwa sunan ya zama kamar addu'a, ba teburin da za a zauna a unguwar gareji ba a ɗaga kofi an ambace shi ba. Mahaifiyarsa Eteri da wannan sunan take rayuwa. Ɗanta ɗaya ya tafi yana da shekara talatin da ɗaya, ƙoda ta cinye shi cikin 'yan makonni, abin da ya rage mata shi ne in ta shiga kasuwar kayan miya wani baƙo ya tsayar da ita ya ce motarsa aikin ɗanta ce, har yau ko ƙara ba ta yi.

A watan Fabrairu, wata Lahadi bayan coci, Jumber ya zo gidana. Kin san ba ya zuwa. Ɗakin da littattafai suka yi yawa, in ji shi, yana sa shi atishawa. Ya ƙi kofi, ya ƙi zama, ya zaro guntun kwali daga aljihu, an rubuta lambobi shida a jiki, ya ce tun da ni ne mai ilimin gidan, in sa su a waya in ga abin da za ta ce. Sai a ranar ya gaya mini abin da ya riƙe shi kaɗai tun bayan kwana arba'in. Yana share garejin Tornike ya ga wata doguwar sandar ƙarfe sabuwa fil, a naɗe cikin kwalinta, an tura ta bayan tsofaffin tayoyi. A jikin kwalin akwai ƙarshen lambar wata mota da kalmar "ja", da rubutun yaron, da kwanan wata na Maris ɗin bara. Da ƙyar da taimakon Tekla ta waya muka haɗa sauran lambar, hotunan gwanjon suka fito. Jar buɗaɗɗiyar mota ce, irin mai hoton doki a hanci, tana tsaye a wani fili mai yashi, gefenta na hagu ya lotsa tun daga ƙofa har ƙasa.

Ni ban fahimci komai ba, na ce to, ai ya gyara ta. Sai ya ɗauko kwalin takalman Maguli, ya murɗa shi da murfinsa, bai motsa ba. Ya cire murfin ya sake murɗawa, kwalin ya karkace kamar ɗanyen burodi. Ya ce mota mai rufi rufinta ke riƙe ta, wadda kuwa tamfol ne a kanta, duk ƙarfinta yana cikin sandunan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi. In ɗaya ta murƙushe ba a miƙe ta, canja ta ake yi. Tornike ya san haka, shi ya sa ya sayo sabuwa. Ga sabuwar a bayan tayoyi, motar kuma tana kan titi. Na ce wataƙila ya samu wata ce ya sa. Ya dube ni irin kallon da yake mini tun ina ɗan shekara bakwai, ya ce, "Malam, a littattafanka ne ake samun wataƙila." Maguli har yau tana neman wanda ya ɓata mata kwali.

Ashe yawon da yake yi a kasuwa duk Asabar tun rani, wanda muke cewa baƙin ciki ne ya taɓa shi, neman motar yake. Sahu-sahu yake bi, in ya ga ja marar rufi ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, dillalai suna girgiza kai suna cewa Allah sarki. Wata takwas yana neman ja, ita kuwa tuni ta daina zama ja. Wani saurayi a Batumi ya saye ta, ya sake mata launi, ya sauke ta har cikinta na shafar kwalta, ya sa aka taɓa injin ya ƙara gudu, ya buɗe salansa yadda in ta tashi karnukan unguwa uku za su amsa. Wato an ƙara wa gurgu nauyin kaya an kuma ce ya yi tsere. Da ya gaji da ita ya dawo da ita Rustavi. Asabar uku Jumber yana wucewa ta gabanta. A ta huɗu, mako guda kafin Ista, an ajiye ta ƙafa ɗaya a kan dutse, sai ya lura tsagar ƙofar hagu ta fi faɗi a sama. Ya duba lambar ta gilashin gaba, ya kira ni. Kalma uku ya faɗa: in zo yanzu.

Na same shi tsaye a gefen motar, hannuwa a baya. Mai ita Emzar ne, dillalin nan da kuka yi aji ɗaya da yayarsa, ya ƙara ƙiba, yana tofar da ɓawon 'ya'yan furen sunfulawa kamar injin sussuka. Kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai mai saye, wani Vazha da ke ba da hayar motocin biki. Emzar yana cikin wa'azinsa. Ya ce wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita a Amurka, keken yaro ya ɗan goge ta a gefe, su kuma Amurkawa ko ƙuda ya mutu a gilashi sai su ce mota ta tashi daga aiki. Vazha ya ce ya daina masa tatsuniya, ya ga hotunan, in keke ne ya yi wannan to keken yana da taya goma sha takwas. Aka yi dariya. Sai Emzar ya sauke murya, ya dafa ƙirji, ya ce to gaskiya ɗaya zai faɗa yau ko da za ta kashe shi: wannan gefen Tornike ne ya gyara, Allah ya haskaka kabarinsa, ga ma mahaifinsa nan tsaye, a tambaye shi. Vazha ya cire hula. Ya ce in dai hannun zinariya ne, shi ba ya buƙatar a ɗaga ta a duba. Ya ce azumin Ista na ƙarewa bukukuwa za su ɓalle, yana da tara a jere, kuma amaren yanzu ba sa son zama a kujera, a kan bayan motar suke hawa su da ango, mayafi na tashi. Ke ma kin san yadda 'yan rakiyar amarya ke tuƙi a hanyar Tbilisi, motoci ashirin suna ham, kowa na son ya riga kowa, rabinsu sun riga sun ɗanɗana giyar inabin surukai.

Yaya, na karanta labarai da yawa inda mutum ke tsaye tsakanin abu biyu, na kuma ba yara maki a kan bayanin halin da yake ciki. Ban san a zahiri abin ba ya ɗaukar ko minti ɗaya ba, kuma fuskar mutumin ba ta nuna komai. Kalma ɗaya Jumber zai faɗa Vazha ya sa hularsa ya tafi, amma kafin a tashi kasuwa kowa ya ji, kafin yamma ya kai kunnen Eteri. In ya yi shiru kuwa, 'yar wani za ta hau. Sai ya ce, "Ni zan saya." Emzar ya kusa haɗiye ɓawo. Ya ce, "Kawu Jumber, da wannan gemun? 'Yan matan Batumi za su ɗauka Fada ne ya zo yawon shan iska." Vazha ya so ya yi gardama, ya ce shi ya fara zuwa, amma ya dubi hoton da ke ƙirjin Jumber, ya yi alamar gicciye ya ja da baya, ya ce uba ya fi shi haƙƙi a kan aikin ɗansa. Ba a yi wani ciniki ba. Jumber ya miƙa makullin motarsa ta kaya, wadda da ita yake ci tun da ya bar walda, aka buga hannu. Emzar ya ce sai a jiƙa ta da kofin giya ɗaya kamar yadda aka saba, a kuma kira Fada ya yayyafa mata ruwa. Jumber ya ce ba yanzu ba. Ya kira motar jan motoci aka ɗora ta. Duk sahun suka fito kallo, wani ya ɗaga murya ya ce, "Kawu, ai tana tafiya da ƙafarta, ko tsoron ta kake?" Bai juya ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne Eteri za ta yi murna. Labarin ya riga mu isa gida, muka tarar da ita a ƙofar gareji, karo na farko da na ga haske a fuskarta tun bara. Ta shafa murfin injin kamar goshin yaro. Ta ce ranar cika shekara wannan motar ce za ta shiga gaba zuwa maƙabarta, 'ya'yan ƙanwarta su zauna a baya su riƙe furanni, kowa ya ga abin da hannunsa ya yi. Jumber ya ce ba mai hawanta. Ya tura ta ciki, ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Washegarin Ista aka fara jin kukan injin yankan ƙarfe. Kin san tarihin uban da ɗan. Shekara goma sha biyar yaron yana walda a gabansa, bai taɓa cewa madalla ba, sai dai ya ja tsaki ya ce a sake. Don haka Eteri ba ta sha wahalar neman fassara ba. Ta tsaya a tsakar gida inda kowace taga ke ji, ta ce, "Yana da rai ba ka bar shi ya huta ba, ya mutu ma sai ka gyara masa aiki?" Daga ranar ta daina yi masa magana. Tana ajiye masa abinci a bakin gareji kamar na mai gadi. Ta zo wurina ta ce in gaya mata gaskiya tun da ni ma ina shiga can. Na yi mata jawabi mai tsawo a kan yadda baƙin ciki ke kama maza ta hannu, mata ta baki. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Tengiz, kai ma dai ɗan uwansa ne," ta tafi. Ban taɓa jin kunyar iya magana ba sai ranar.

Ina zuwa bayan an tashi makaranta in riƙe masa fitila, aikin da ya ce shi kaɗai ya dace da mai digiri. Ina nan ranar da ya buɗe ƙarƙashin ƙofar. Tsohuwar sandar tana ciki a murƙushe kamar gwangwanin da aka taka, an cika ramin da kumfar nan da magina ke toshe taga da ita, an rufe da ɗan siririn ƙarfe, an shafe, an yi fenti. Daga waje ko likita ba zai gane ba. Ya daɗe yana kallo. Can ya kama hannuna da fitilar ya kai bayan motar, inda yaron ya ɗinke wani wuri kusa da taya, ya ce in duba nan. Ni layi kawai na gani. Ya ce, "Kamar ɗinkin keke. Ni ban taɓa iya wannan ba." Ya bi layin da yatsa har ƙarshe, ya koma kan aikinsa.

Kwana uku kafin cikar shekara, da la'asar, Eteri ta zo ɗaukar bencinan da ake jerawa a teburin makoki, waɗanda ke jingine a cikin garejin. Mun manta ba mu sa sakata ba. Ta shigo ta ga gefen motar a buɗe, ga kumfa a ƙasa, ga sabuwar sanda a kan teburi da kwalinta. Mun manta kuma, mu biyu, cewa matar nan ta yi shekara ashirin da biyu a masana'antar ƙarfe tana gwada bututu, aikinta ke nan, ta ce wannan ya wuce, wannan a mayar. Ta ɗauki siririn ƙarfen da aka yanko, ta lanƙwasa shi da yatsu biyu. Jumber, wanda bai iya ƙarya ba ko a wasan kati, ya ce yaron Batumi ne ya yi wannan ɓarnar. Ta juya ƙarfen, ta bi waldar da farce, ta ce, "Wannan daga dama ta taso zuwa hagu. Bahago ne ya yi. Ni na haife shi, Jumber." Sannan ta karanta kwanan watan da ke jikin kwalin. Ta zauna a kan benci. Ta ce a wannan makon ne butar shayi ta suɓuce wa Tornike, ya ce hannunsa ne ya yi sanyi, ta shafa masa barasa a kafaɗa ta ɗaure da gyale, da safe kuma ita ta tashe shi, domin ya ce dillalai na jiransa. Sandar nan sai mutum ya ɗaga ta sama da kansa ya riƙe kafin ya ɗinke. Ko gazawa ya yi ya ji kunyar kiran ubansa, ko ya yi niyyar dawo da motar in ya warke, ko kuwa gaggawa ce kawai irin ta kowa, ban sani ba, kuma ba wanda zai sani. Ba ta yi kuka ba. Ta ce mu kai mata bencinan tsakar gida.

Ranar Asabar da ta wuce muka cika shekara. Da safe muka je kabari, Fada ya yi addu'a, aka raba dafaffiyar alkama da zuma, na sa kyandir ɗaya da sunanki kamar yadda kika ce. Aka dawo teburi, mutum kusan sittin, rabinsu 'yan unguwar gareji, sun wanke hannu har ya yi ja amma baƙin farce yana nan. Kawu Ilarion ne ya jagoranci teburin. Da ya zo kan kofin da ake ɗagawa a sha don tuna mamaci ya miƙe, maza suka miƙe, ya fara: mai hannun zinariya, wanda bai taɓa ha'intar ƙarfe ba, wanda duk mai hawa aikinsa yake barci da ido biyu rufe. Ni da Jumber muna kallon faranti. Na ɗauka an gama ke nan, asiri ya tsaya tsakanin mutum uku, sanda za ta shiga wurinta, sunan ya zauna lafiya. Sai na ji kujera ta motsa a ɓangaren mata.

Kin san ba a yi. Mace ba ta katse mai jagorantar teburi, balle uwar mamaci, balle a kan wannan kofin. Eteri ta ce, "Kawu Ilarion, ka yi haƙuri, ku zauna." Suka zauna da kofuna a hannu kamar yaran da aka kama. Ta yi magana a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ɗanta ya iya aiki, kowa ya sani, amma a watanninsa uku na ƙarshe ba shi da lafiya, ya ɓoye, kuma ya yi aikin da bai kamata ya bar gareji ba. Ta ce guda ɗaya sun gano, tana cikin garejin can, duk mai son gani ya je ya gani. Ta ce wanda ya san wata mota da ta bi ta hannunsa daga Fabrairu zuwa Afrilun bara ya gaya wa Jumber, za su neme ta, su buɗe, su gyara. Wani abokin Tornike ya miƙe fuskarsa ja, ya ce, "Inna Eteri, ba a faɗin haka a kan mamaci." Ta ce, "Mamacin nawa ne." Ya ajiye kofinsa ya fita, mutum huɗu suka bi shi. Emzar ya gano wani abu mai ban sha'awa ƙwarai a cikin farantin wakensa.

Sai tsoho Anzor mai fenti, wanda kunnensa ɗaya ya mutu, ya share murya ya ce akwai wata fara, shi ya fesa ta a ƙarshen Fabrairu, ya ji tana tasi a Gori. Wani daga ƙarshen teburi ya ce akwai baƙa, wata likitar haƙori ta saya. Jumber ya juya hannu yana neman abin rubutu, na ba shi birona, ya rubuta a bayan takardar goge baki. Kawu Ilarion, Allah ya ƙara masa daraja, ya jira har aka gama, ya sake miƙewa ya ce shekara hamsin yana riƙe teburi bai taɓa rasa abin faɗa ba sai yau, don haka a sha kawai. Aka sha. Ba zan ɓoye miki ba, sunan ya tafi. Ran Litinin an riga an fara tsegumi a kasuwa, masu cewa dama sun sani, masu cewa zinariyar ruwa ce aka shafa. Dillalan da jiya ke rantsuwa da shi yau sun manta sun taɓa ba shi aiki. Eteri ta je sayen ganye jiya, ba wanda ya tsayar da ita. Amma ta dawo ta kai wa Jumber abincinsa har kan teburin gareji, ta zauna sai da ya cinye.

Yanzu ga abin da ya sa na cika miki takarda huɗu. Motoci uku muka sani zuwa yau, har da ta gareji, Jumber yana ganin za su kai shida ko bakwai. Wayar Tornike a kulle take, ba mai iya buɗewa, kuma yaron bai taɓa ajiye rubutu ba. Amma Eteri ta tuna cewa duk motar da ya gama sai ya tsaya a gabanta ya ɗauki hoto ya tura wa gwaggonsa a Italiya, ke kuma ki nuna wa tsohuwarki da mai kantin burodi da duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ke a bas. Na san ba ki goge ko ɗaya ba. Muna roƙonki ki koma kan na Fabrairu, Maris da Afrilun bara, ki turo wa Tekla su da kwanan watansu, musamman inda lamba ta fito. Na san abin da nake nema. Ke kika goya shi lokacin da Eteri ke aikin masana'anta, kuma hotunan nan su ne kike buɗewa in garin ya yi miki nisa. Za ki ji haushin Eteri, za ki ji nawa, kina da dama, ki kira ni ran Lahadi ki zage ni yadda kika saba, zan riƙe wayar har ki gaji. Amma ki turo su tukuna. Kada ki zaɓa, kada ki ce wannan ta yi kyau ba za a sami komai a cikinta ba, ruwan ɗorawar ma ta yi kyau. Jibi Jumber da Eteri za su hau bas zuwa Gori, su nemi direban tasin da bai san su ba, su roƙe shi ya bar su su yanka masa mota.

Maguli tana gaishe ki, ta ce maganin gwiwar da kika aiko wa mahaifiyarta ya yi aiki. Tekla tana gaishe ki. Kawu Ilarion ya ce in gaya miki ya ajiye miki tulu ɗaya na giyar inabin bara, amma ba ya ɗaukar alkawarin zai jira har abada. Yaya Jumber ya ce a gaishe ki, da bakinsa ya faɗa, ban ƙara masa ba. Eteri ta ce ki yafe mata. Ki gaishe mana da Nazi da sauran matan garinmu da kuke haɗuwa a coci, ki gaishe da tsohuwarki, ki ce mata wani malami a Rustavi yana yi mata fatan tsawon rai. Allah ya tsare ki a ƙasar mutane, ya dawo mana da ke da ƙafafunki.

Ƙaninki da ke kewarki,
Tengiz